Tanderu da Rumfarsa

Darasinmu na yau a kan gini ne. Za mu yi magana a kan tanderu, da irin rumfar da ta kamata a yi masa. Ku karanta a hankali, kowa ya bi layi da yatsa. Inda kuka gamu da lamba ku tsaya ku faɗe ta da baki, gama lambobi suna da yawa yau, mai gini kuwa in bai iya karanta lamba ba, kullum a hannun wani ya ke.

Duk wanda ya taɓa zuwa Kano ya ga tanderun gurasa. Babbar tukunya ce da a ke kafawa a liƙe ta da yumɓu, a hura wuta a cikinta, sa'an nan a riƙa manna ƙullu a jikinta daga ciki. Sunan ma daga Larabci ya zo mana, su suna cewa tannur. Akwai kuma tanderun masu burodi, wanda a ke ginawa da bulo. Amma wanda za mu duba yau na wata ƙasa ne mai nisa, watau Italiya. Na zaɓe shi ne domin mutanen can sun daɗe suna wannan gini, sun auna kome nasa sun rubuta. Abin da ya shafi ruwa da wuta kuwa ɗaya ne a ko'ina.

A kudancin Italiya akwai wani babban birni a bakin teku, sunansa Napoli. Abincin da aka san su da shi a duniya ana kiransa fiza. 'Yar'uwar gurasa ce. A kan kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri da yis, a bari ya tashi, a shimfiɗa shi da hannu ya yi faɗi kamar faifai. Sai a shafa markaɗaɗɗen tumatir a kai, a sa cuku da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi ɗan'uwan ɗoɗɗoya, a tura cikin tanderu. A shekarar 1984 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiya a Napoli, suka rubuta ƙa'idodin yin ta. A shekarar 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar a cikin al'adun gado na duniya.

Tanderun ya girmi fizar nesa ba kusa ba. Kusa da Napoli akwai wani tsohon gari, Pompeii, wanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne shi da toka a shekarar 79 Miladiyya. Da aka tone garin sai aka tarar da gidajen burodi wajen talatin, da tanderunsu na bulo a tsaye, har da burodin da ya ƙone ya zama gawayi a ciki. Tumatir kam ba su san shi ba a lokacin, sai bayan shekarar 1500 aka kawo shi Turai daga nahiyar Amurka. Amma siffar tanderun ba ta sake da yawa ba har yau.

Yadda tanderun ya ke

Ku ɗauki ƙwarya ku kifa ta a kan faifai. To, haka siffarsa ta ke. Faifan shi ne daɓen tanderu, ƙwaryar ita ce ƙubbarsa. Duka biyu da jan bulo mai jure wuta a ke yin su. A kan ɗora su bisa dakali mai tsawo, yadda bakin tanderu zai zo wa mai aiki daidai gwiwar hannu, kada ya riƙa sunkuyawa.

Na gida faɗinsa daga ciki ya kan kai inci 36 zuwa 42. Ƙofarsa guda ce, kuma ba a yin ta da ka. Magina sun lura tsawon ƙofa ya fi kyau ya zama wajen kashi 63 cikin 100 na tsawon ƙubba daga ciki. Watau in ƙubba ta yi inci 16, ƙofa ta yi inci 10. Ga dalili. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasan ƙofa ta ciyar da wuta. Harshen wuta ya bi ƙubba ya kewayo, hayaƙi ya fita ta saman ƙofa, ya shiga bututun hayaƙi wanda ke gaba, bisa bakin tanderu. In ƙofa ta cika tsawo zafi ya gudu. In ta cika gajarta wuta ta shaƙe.

Kun san ruwa yana tafasa a digiri 100. Tanderun fiza ya kan haura digiri 400, har ya doshi 480. A wannan zafi fiza guda tana nuna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bulon ne ya ke shan zafin ya riƙe. Bayan wuta ta mutu a kan share daɓen a gasa burodi, bayan burodi a sa nama ko wake su kwana suna dahuwa. Itace ɗaya, girki uku. Amma wannan duka sai bulon yana bushe ƙayau.

Abin da ruwa ya ke yi masa

Mutum ya kan ga tanderu ƙato, nauyinsa da dakalinsa ya wuce tan guda, ya ce ai wannan ruwan sama ba ya yi masa kome. Ba haka ba ne. Bulo da yumɓu suna shan ruwa kamar yadda sabon tulu ya ke sha. Ba lalle ka gani daga waje ba, amma yana nan a ciki.

In ka hura wuta a jiƙaƙƙen tanderu, itacenka ba gashi zai fara yi ba, ƙafar da ruwa zai fara yi. Sai ka ƙona dami biyu inda dami ɗaya ya isa, kuma burodin ya fito sama a ƙone ƙasa ɗanye, domin daɓen bai yi zafi ba. Wannan ita ce ƙaramar hasara. Babbar ita ce tsagewa. Ruwa in ya zama tururi ya kan kumbura fiye da sau 1,600. Ku tuna yadda murfin tukunya ya ke rawa in ta tafasa. To, tururin da ke cikin bulo ba shi da murfin ɗagawa, sai ya tsaga ginin ya fita. Tsaga kuwa hanya ce ga ruwan gobe. A ƙasashen sanyi irin su arewacin Turai da Amurka abin ya fi muni, gama ruwan ya kan daskare a cikin tsagar ya ƙara buɗa ta.

Saboda haka masu irin wannan tanderu a bayan gida su kan yi masa ɗayan abu biyu. Waɗansu su kan kewaye ƙubbar da ɗan bango a kusa, su cika tsakanin da abin da ke riƙe zafi, su ɗora masa ɗan rufi, bakin tanderu kaɗai ke waje. Ya kan yi kama da akurkin kaji. Waɗansu kuwa su kan yi babbar rumfa wadda ta rufe tanderu da mai aiki da itace gaba ɗaya. A ganina ta biyun ta fi amfani ga mai sana'a, domin ranar ruwa ma zai yi aiki. Wanda ya sami hali ya haɗa duka biyu.

Amma ku lura da kyau a nan. Rumfar da za ta tsare tanderu daga ruwa, ita ce kuma abin da wuta za ta fara kamawa in an yi ta da ganganci. Mutum ya kawo katako ya jera bisa wuta mai digiri 400, ai ya san abin da ya ajiye. Iya wannan gini duka yana wurin sanin nisan da za a bari tsakanin wuta da itacen rufi.

A birnin Landan, ranar 2 ga Satumba 1666, wuta ta tashi da dare a gidan wani mai burodi, Thomas Farriner. Gidajen birnin yawancinsu na katako ne, a matse da juna, ga iska tana busawa. Wutar ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Bayanta aka yi doka cewa sai da bulo ko dutse za a sake gini. Wanda ya taɓa ganin gobara da hunturu a ƙauye mai jinka da dangar kara, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Zaɓen wuri

In tanderun bai riga ya tsaya ba, ka zaɓi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka nisanta da jinka da rumbu da tarin kara da harawa. Ni shawarata kada ya gaza taku goma daga duk abin da ke da ciyawa a kansa. Ka ɗaga kai ka duba sama, kada reshen itace ya ratsa ta kan bututu.

Sa'an nan ka duba iska. A ƙasarmu hadari daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya ke riga sauran zaizayewa. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Saboda haka ka ba gabas da arewa bango, bakin tanderu ya dubi yamma ko kudu. Mutumin Italiya ma haka ya ke yi, ya duba inda tasa iskar ta ke fitowa ya ba ta baya. In iska tana bugun bakin tanderu kai tsaye, hayaƙi a idonka zai ƙare, tartsatsi kuma ya bi gari.

Kada ka manta da maƙwabci. Hayaƙin da ke shiga ɗakinsa kowace asuba zai kai ku gaban mai unguwa. Ka yi masa magana tun ba ka haƙa rami ba.

Dirkoki da bango

Ka auna fili ka kafa turaku ka ja igiya. Ga tanderun gida, tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10 ya isa. A gaban bakin tanderu ka bar aƙalla ƙafa 6, gama sandar da a ke tura burodi da ita doguwa ce, in ka ja ta baya kada gwiwar hannunka ta bugi bango. A bayan tanderu da gefensa ka bar hanyar da mutum zai iya ratsawa, domin duba tsaga da yaɓe.

Dirka mafi kyau ita ce ginshiƙin bulo ko bututun ƙarfe. In itace za ka sa, nemi azara ko wani mai taurin da gara ba ta so, ka zurfafa rami ƙafa 2, ka ɗaure gindin da dutse da siminti. Abu ɗaya kada ka yi: kada ka ɗora wa tanderu nauyin rufi. Bulo in ya yi zafi ya kan ɗan buɗe, in ya huce ya koma. Ginin da ke motsi haka kullum ba a ɗaura masa wani gini. Rumfa ta tsaya da ƙafafunta, tanderu ya tsaya da nasa.

Bangon gabas da na arewa ka yi su da bulo ko tubali, ba da zana ba. Ba sai sun kai rufi ba. Ka bar sarari kamar ƙafa 2 tsakanin kan bango da kwano, domin hayaƙi da zafi su sami mafita. Sauran gefe biyu a bar su a buɗe. In kana tsoron awaki ko yara, ɗan gajeren bango iya ƙugu ya isa.

Wannan maganar buɗewa ba ta jin daɗi ba ce kawai. Gawayi da itace in suna ci a rufaffen wuri su kan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai mutum ya ji barci, daga nan ba ya tashi. Da sanyin hunturu almajirin mai burodi zai so ya toshe rumfa da tabarma ya kwanta kusa da ɗumi. Ku hana shi, ko da zai yi fushi.

Rufi da bututu

Rufin ya zama na kwano. Jinka ta fi sanyi, ta fi araha, amma ba a sa ta bisa tanderu, ko da wane irin nisa. Tsohon fallen asbesto ma ku bar shi. An daɗe ana amfani da shi domin ba ya cin wuta, amma yanzu an tabbata ƙurarsa in an yanka ko ya karye tana jawo mugun ciwon huhu.

Gefen rufi mafi ƙasa kada ya gaza ƙafa 8 daga daɓe. Ɗaya gefen ya fi shi da kamar ƙafa 2, domin ruwa ya gangara. Ka sa gangaren ya zuba bayan tanderu, ba inda ka ke tsayawa ba, ka yi masa lambatu ya tafi da ruwan nesa da harsashi. Kwanon ya zarce dirkoki da ƙafa 2 ta kowane gefe, gama ruwan iska ba a miƙe ya ke sauka ba. Ka ɗaure katakon rufi da dirkoki da waya ko langa-langa. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe iska ta kan shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta kamar faifai, ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta.

Yanzu mun zo wurin da yawancin gobara ta ke farawa, watau inda bututun hayaƙi ya ratsa rufi. Kada ka bar bututun ya tsaya a ƙarƙashin kwano yana feso masa hayaƙi. Tilas ya huda ya fita. A Amurka ƙa'idar magina ita ce bututu ya ɗara rufi da ƙafa 3 a inda ya fito, ya kuma ɗara duk wani sashen gini da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Bututun ƙarfe mai falle ɗaya su kan nisanta shi da katako inci 18. Na bulo mai kauri a cikin gini, inci 2. Ku dubi bambancin, 18 da 2, ku ga amfanin kaurin bulo.

Wani zai ce, ai na shekara katako yana jikin bututuna bai kama ba. Wannan ba hujja ba ce. Katakon da ke shan zafi kullum ya kan bushe ya gasu a hankali, ya yi baƙi daga ciki. Irin wannan yana kamawa da zafin da sabon katako ba zai kama ba. Gobarar shekara ta uku tun shekara ta fari aka fara hura ta. Saboda haka ka tsara katakon rufi tun farko, bututu ya bi ta tsakiyar babban sarari. In ba yadda za ka yi, ka sa ƙarfe maimakon katako a wannan wurin.

Inda bututu ya huda kwano, maƙeri ya yi maka wuyan ƙarfe mai faɗi, gefensa na sama ya shiga ƙarƙashin kwano, na ƙasa ya hau kansa, yadda ruwa zai bi ta kai ya wuce. Kada ka toshe wurin da kwalta ko leda ko tsumma. A bisa bututun a sa hula, da ragar waya mai ido kamar rabin inci, ta tare tartsatsi. Ragar ta kan toshe da kunkunniya, sai a riƙa kakkaɓe ta. Cikin bututun ma a share shi loto-loto, domin baƙin danƙon da ɗanyen itace ya ke bari a ciki shi kansa yana cin wuta. Farin kwanon rufi kuma ba a naɗe shi a yi bututu kusa da wuta, gama shafen jikinsa ya kan ƙone ya ba da hayaƙi mai cutarwa.

Rigar tanderu

Tun da ka sami rufi, sai ka yi wa ƙubbar riga. A Turai su kan lulluɓe ta da wani bargo da ba ya cin wuta, ko su zuba wani farin dutse mara nauyi, sa'an nan su yaɓe. Wanda bai sami waɗannan ba ya kwaɓa yumɓu da buntun shinkafa ko ɗusar katako mai yawa, ya shafa kauri kamar inci 4. 'Yan ramukan iskar da ke cikin kwaɓin su ne ke hana zafi fita. A kai sai a yi yaɓe na ƙarshe da makuba ko laso, irin wanda maginanmu su ke yi wa soro. Siminti yana da kyau a harsashi da dakali, amma ba a jera bulon cikin ƙubba da shi, gama zafi mai tsanani ya kan kashe ƙarfinsa ya marmashe.

Gwajin riga mai sauƙi ne. In wuta ta yi awa biyu tana ci, ɗora tafin hannunka a bayan ƙubba. In ka iya barinsa a wurin, rigar ta yi. In ka fizge, itacenka rumfa ya ke ɗumamawa, ka ƙara kauri.

Itacen yini guda a ajiye shi a ƙarƙashin dakali ko a gefe, ba a jikin ƙubba ba, ba kuma a gaban baki inda garwashi ya ke faɗowa ba. Babban tarin ya zauna nesa. Daɓen rumfa a yi shi da burji ko siminti. A kusurwa a ajiye bokitin yashi da tulun ruwa, da garwa mai murfi domin toka, gama garwashi ya kan kwana biyu da rai a cikinta. Tsohuwar taya da leda da katako mai fenti ba itacen gashi ba ne, gubarsu a abinci ta ke sauka.

Wutar fari

An gama gini, mutum ya ƙosa ya ga burodi. A nan ne sauri ya kan haifi nawa. Sabon tanderu cike ya ke da ruwan kwaɓi. Ka bar shi mako guda ya sha iska a ƙarƙashin rumfa. Sa'an nan ka hura 'yar ƙaramar wuta ta ƙirare a tsakiya, ka bar ta ta daɗe ba ta yi girma ba. Gobe ka ƙara kaɗan, jibi ka ƙara kaɗan, har mako ya cika. Da fari ƙubbar za ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ranar da ka yi babbar wuta, ka ga baƙin ya ƙone bulo ya yi fari fat daga sama yana gangarowa, to, tanderu ya kai zafin aiki. 'Yar tsaga siririya kamar gashi ba abin damuwa ba ce, kusan kowane tanderu yana da ita. Wadda tsinke ya ke shiga kuwa, a liƙe ta da yumɓu da yashi. In tanderu ya yi dogon hutu da damina, a sake bin wannan hanya kwana biyu kafin a koma aiki.

Aikin allo

Kowa ya ɗauki allonsa. Fili tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 10, kwano zai zarce da ƙafa 2 ta kowane gefe. Rufin ya zama ƙafa nawa da ƙafa nawa?

Mu ce fallen kwano guda tsawonsa ƙafa 8 ne, yana rufe faɗin ƙafa 2 bayan an ɗora baki kan baki. Ana bukatar layi biyu, kowane layi faɗinsa ƙafa 16. Falle nawa za a saya?

In ƙubba ta yi inci 19 daga ciki, ƙofa inci nawa za ta yi? Wanda lissafin ya yi masa wuya ya nemi kashi biyu cikin uku, ya rage kaɗan.

Daga nan kowa ya rubuta wasiƙa layi biyar zuwa ga maƙerin garinsu, ya gaya masa irin wuyan ƙarfe da hular bututun da ya ke so, da awonsu, da ranar da zai zo karɓa. A kawo wa malami ranar aji mai zuwa.